FASHIN BAƘI: Abin da ya sa alkakin Sallah ke tsada ko a bakin gonakin alkamar Kadawa

A goman ƙarshe na watan azumi, masu injin niƙa a Garun Mallam da Kura da Bunkure kan samu wani aiki da ba kullum yake zuwa ba. Yara kan iso da alkama a kwano ko a roba, ɗauke da saƙon uwar gida cewa ɓarzawa za a yi, kada a kuskura a mayar da ita gari. Duk mai injin da ya ji wannan saƙo ya san alkaki za a yi, ya kuma san Sallah ta ƙarato.

Waɗannan ƙananan hukumomi uku su ne zuciyar Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda aka fi sani da Kadawa, ɗaya daga cikin manyan filayen ban-ruwa a Nijeriya. Tun daga shekarun 1970 gwamnatoci ke nuna wannan yanki a matsayin inda ƙasar za ta noma alkamar da za ta ci. Duk da haka, macen da ke zaune a bakin waɗannan gonaki ta ga kuɗin haɗa kwanon alkaki yana hauhawa kamar yadda takwararta ta Legas ta ga kuɗin biredi yana hauhawa. Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka bi sawun abin da ke shiga kaskon alkaki da turmin nakiya, wato alkama da sukari da citta, za a tarar kowanne yana ɗauke da tarihin wata manufar gwamnati da ba ta kai inda aka ce za ta kai ba.

Me ke shiga alkaki da nakiya?

Alkaki aikin kwana biyu ne. Ana wanke alkama a shanya ta bushe, a kai inji a ɓarza ta ta zama tsaki-tsaki mai ɗan laushi. Sai a murje ta da mai, a kwaɓa da ruwa da ɗan abin tsami, wasu su sa yis, wasu nono, wasu kuma ruwan tsamiya. A rufe kwaɓin a wuri mai ɗumi ya kwana. Washegari a sa masa ɗan ruwan kanwa don ya kashe kaifin tsamin, a murza shi ya yi tsawo, a naɗe shi a siffar da aka san alkaki da ita, sannan a soya a mai mai yawa da wuta kaɗan-kaɗan har cikinsa ya soyu. Da an tsame shi da zafinsa sai a jefa shi cikin ruwan sukari da aka dafa da tsamiya ko lemun tsami har ya yi danƙo. Masu hali kan yi amfani da zuma, wasu kuma kan jefa citta da kanumfari a ruwan sukarin domin ƙamshi.

Nakiya kuwa ta shinkafa ce. Ana jiƙa shinkafar a tsane ta, a daka ko a niƙa tare da citta da kanumfari da masoro da kimba, wani lokaci har da ɗan barkono. A soya garin sama-sama, a haɗa da sukari ko zuma da man shanu, a kirɓa a turmi har ya kama jikinsa. A cikin kayan zaƙin gargajiya na ƙasar Hausa, nakiya ce ta fi kowanne cin kayan yaji. Dukansu biyu suna daɗewa ba su lalace ba, shi ya sa suka zama ginshiƙin gara da kayan tarbar baƙi a Sallah, tare da dubulan da cincin, da kek ɗin da matan birni suka ƙara a kan farantin daga baya.

Al'adar haɗa gari da zaƙi da kayan yaji domin ranar idi ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A birnin Nuremberg na Jamus, ƙarni da dama ke nan ana gasa wani biredin zuma da kayan ƙamshi domin Kirsimeti, Misirawa kuma suna da nasu ka'ak na ƙaramar Sallah. Daga wannan kalma ta Larabci, al-ka'ak, sunan alkaki ya fito, kamar yadda alkama ta fito daga al-ƙamh. Sunayen kansu shaida ne cewa ta hanyar fataucin Sahara abin ya iso, tare da gurasa da taliya, ya zauna a Kano har ya zama na gida.

Akwai wani bambanci da ya sa alkaki ya fi kek dacewa da wannan bincike. Kek da cincin da dubulan da fulawar kamfani ake yin su, wadda kusan dukanta daga alkamar waje ake niƙa ta. Alkaki kuwa ƙwayar alkama yake so, irin wadda ake auna wa mutum a kwano a kasuwa, kuma yawancin wannan daga gonakin Arewa take fitowa. Don haka farashinsa ma'auni ne na halin da noman alkama na cikin gida yake ciki.

Yaya Kadawa ta zama gidan alkama?

Kafin zuwan dam, manoman ƙasar Hausa da Borno sun daɗe suna noma alkama a ƴan ƙananan fadamu, suna ba ta ruwa da jigo a lokacin hunturu. Abinci ne na sarauta da attajirai da ranakun biki, ba na yau da kullum ba.

Abin ya sauya ta fuska biyu. Ta fuskar farko, biredi ya mamaye birane bayan kamfanin Flour Mills of Nigeria ya fara niƙa alkamar waje a Apapa a 1962, kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma ya sa shigo da ita ya yi sauƙi. Ta fuska ta biyu, gwamnatin Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ta duƙufa wajen gina madatsun ruwa. Mafi girma a cikinsu ita ce ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, aka kuma tsara ta domin tara ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga Tiga babbar magudana ke ɗauko ruwa, ta ratsa ta tafkin Ruwan Kanya, ta rarrabu zuwa ƙananan magudanai da ke kai shi gonaki. Ba a buƙatar inji ya tura shi, gangara ce ke tafiyar da shi, kuma wannan shi ne babban arzikin Kadawa a zamanin da man fetur ya yi tsada.

An tsara kashin farko na shirin ya shayar da hekta 22,000, amma abin da aka gyara aka kai wa ruwa bai wuce kimanin hekta 15,000 ba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, shirin ya koma hannun gwamnatin tarayya a ƙarƙashinta. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ita ma tana da tashar gwaji a Kadawa. A lissafin masu tsara shirin, alkama ce sarauniyar noman rani, domin da ita za a rage kuɗin da ƙasa ke kashewa wajen shigo da ita.

Tun a farkon tafiya masu bincike suka fara jan hankali. Tina Wallace, wadda ta yi nazarin shirin a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa tsadar taki da haya ta tarakta da kuɗin ƙwadago na tilasta wa ƙananan manoma bayar da gonakinsu haya ga masu ƙarfi. A 1985 kuma Gunilla Andrae da Björn Beckman suka fitar da littafinsu The Wheat Trap, wato tarkon alkama, inda suka yi bayanin yadda Nijeriya ta saba da abincin da ba ta iya nomawa da araha, sannan ta shiga zuba dukiya a manyan ayyukan ban-ruwa domin noma shi ko ta halin ƙaƙa. Shekaru arba'in bayan haka, tarkon bai saki ƙafar ƙasar ba.

Wane mataki gwamnatoci suka ɗauka?

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama daga watan Janairun 1987. Farashi ya tashi, manoman Kano suka ruga noman alkama, gwamnati ta raba iri da injinan ban-ruwa. Amma abin da aka noma bai ko kusa da buƙata ba, fulawar fasa-ƙwauri ta cika kasuwanni ta iyakokin ƙasar, kuma zuwa ƙarshen 1992 aka janye haramcin. Manomin da ya faɗaɗa gonarsa bisa alƙawarin gwamnati ya wayi gari yana gogayya da alkamar Amurka.

A 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙara harajin kashi 15 cikin ɗari a kan alkamar da ake shigowa da ita, da niyyar ƙarfafa haɗa garin rogo a biredi da tallafa wa noman gida. A watan Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, shinkafa da alkama ne a sahun gaba. Babban Bankin Nijeriya ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya a shirin kafin sabon shugabancin bankin ya janye daga irin wannan tallafi a 2023, ana tsaka da ce-ce-ku-ce kan bashin da ba a biya ba.

Sakamakon duk wannan ya bayyana a wani rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, kan noman alkama na 2021. Binciken da aka yi a jihohi 13 ya gano cewa tan 36,943 kacal aka noma, Kano ce a kan gaba da kimanin tan 6,500, Jigawa na biye da ita. Adadin ya yi ƙasa ƙwarai da alƙaluman da jami'ai suka saba ambatawa a wuraren taro. A ɗaya ɓangaren, Nijeriya na shigo da tsakanin tan miliyan 4 zuwa 6 a shekara. Ma'ana, abin da aka noma a gida a waccan shekara bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka shigo da shi ba.

Gwamnatin Bola Tinubu ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a watan Yulin 2023, sannan a watan Nuwamba ta ƙaddamar da noman alkama na rani a Jihar Jigawa da rancen dala miliyan 134 daga Bankin Raya Afirka, inda aka yi alƙawarin sayar wa manoma iri da taki a rabin farashi. Ba a cika shekara ba, a watan Yulin 2024, gwamnatin ta sanar da janye harajin shigo da alkama da masara da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150, domin sassauta tsadar abinci. Kowanne daga cikin matakan biyu yana da hujjarsa. Sai dai ga manomin Garun Mallam, saƙon da suka isar tare shi ne wanda mahaifinsa ya ji a 1992, cewa wanda ya ce ka noma shi ne zai iya buɗe ƙofa kafin ka sayar.

Me ya sa manomin Kadawa ke ja da baya daga alkama?

Dalili na farko yanayi ne. Alkama shukar sanyi ce, kuma sanyin ƙasar Kano ɗan gajere ne. Malaman gona na ba da shawarar a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, domin ta yi tsiro ta fitar da kai a cikin hunturu, a girbe ta a Maris ko farkon Afrilu. Idan aka makara da ƴan makonni, zafin bazara zai riske ta tana zuba ƙwaya, ƙwayar ta tsumbure, buhunan da za a samu su ragu. Abubuwan da ke jawo makara kuwa suna da yawa: shinkafar damina da ba a gama girbewa ba, tarakta da ake jiran layi, takin tallafi da ya iso bayan lokaci, ko jinkirin sakin ruwa a magudana. A noman alkama, tallafin da ya zo a Janairu kusan daidai yake da wanda bai zo ba.

Dalili na biyu shi ne akwai abin da ya fi ta kawo kuɗi. Gonar da za a sa wa alkama ita ce za a iya sa wa tumatir, albasa, masara ko shinkafar rani. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan tana cikin Garun Mallam, a kan titin Kano zuwa Zariya, daga nan manyan motoci ke lodi zuwa Kudu. Kura kuma ta yi suna wajen turara shinkafa da cashe ta. Rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya ɗaga farashin shinkafar gida, manoma da yawa suka karkata gare ta. Tumatir ma yana da nasa haɗarin, kamar yadda tsutsar Tuta absoluta ta nuna a 2016, shekarar da masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta fara aiki, ta kuma riƙa tsayawa saboda ƙarancin abin sarrafawa. Amma mai tumatir da mai shinkafa sun san inda masu saye suke, kuma masu sayen suna da yawa. Idan aka kwatanta da farantin Sallah, a gona ma nakiya ce ke cinye wurin alkaki.

Dalili na uku shi ne kasuwar alkamar kanta. Manyan masu saye ƴan kaɗan ne, kuma sun ƙara raguwa bayan Olam ya sayi kamfanin fulawa na Dangote a 2019, Flour Mills of Nigeria kuma ya sayi Honeywell a 2022. Manyan injinansu suna bakin teku, an tsara su domin alkamar da jirgin ruwa ke saukewa, iri ɗaya, a bushe, a tsabtace. Ƙungiyar kamfanonin fulawa ta buɗe wuraren saye a Arewa, tana kuma bai wa wasu manoma iri da taki, amma farashin da za ta iya biya yana ɗaure da na kasuwar duniya. Ragowar alkamar ita ce ke zuwa kasuwannin ƙauye da Dawanau, inda masu alkaki da finkaso da tuwon alkama ke saye.

Ga kuma matsalolin da suka shafi shirin baki ɗaya. Shekaru da dama ciyawar kachalla da laka sun toshe magudanai, gonakin da ke ƙarshen layi suka riƙa rasa ruwa, wasu kuma ruwa ya kwanta musu. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince masa da rancen kusan dala miliyan 495 a 2014, ya gyara magudanan Kadawa tare da na Bakolori da kwarin Haɗeja da wasu wurare, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin su karɓi kuɗin ruwa su kula da ƙananan magudanai. Bashi ne da ƴan ƙasa za su biya, kuma ɗorewar gyaran ta dogara ga yadda ake riƙon waɗannan kuɗaɗe. Ta fuskar iri kuwa, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ke da alhakin binciken alkama, ta fitar da irin da ke jure zafi kamar Norman da Reyna-28 da Atilla Gan Atilla. Amma rikicin Boko Haram ya durƙusar da noman alkama a yankin Marte na Jihar Borno, wanda a da yake cikin manyan wuraren nomanta.

Idan alkamar gida ce, me ya haɗa ta da dala?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaure wa mai saye kai. Amsar ita ce, kayan da bai kai kashi kaɗan na kasuwa ba, ba shi ke yanke farashi ba. Idan alkamar waje ta yi tsada, kamfanoni da dillalai kan juyo kan ta gida, farashinta ya bi sahu. Haka ya faru bayan Rasha ta mamaye Yukren a Fabrairun 2022, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama. Haka ya sake faruwa bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024.

Kuɗin noma ma ya bi dala. Takin NPK yana da sinadaran da ake shigowa da su, maganin feshi daga waje yake zuwa, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma ya ɗaga kuɗin sufuri da na injin ban-ruwa ga waɗanda gonakinsu ke wajen magudana. Zuwa Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a lissafin NBS, kuma a watan Agustan shekarar matasan Kano na cikin waɗanda suka fi fitowa zanga-zangar tsadar rayuwa.

Akwai kuma wani lissafi da ba a cika kula da shi ba, na kalanda. Watannin Musulunci na matsowa gaba da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2024 an yi ƙaramar Sallah a ranar 10 ga Afrilu, sabuwar alkama ta riga ta shiga kasuwa. A 2025 an yi ta a ranar 30 ga Maris, ana tsakiyar girbi. Daga nan Sallar za ta ci gaba da faɗowa kafin girbi har tsawon shekaru, wato a daidai lokacin da tsohuwar alkama ta ƙare a hannun manomi, ta rage a rumbun ɗan kasuwa. Mai alkaki za ta saya da tsada, amma ribar ba za ta shiga aljihun wanda ya noma ba, domin shi tun bara ya sayar da tasa a bakin gona don biyan bashin taki.

Sukari da citta fa?

Alkaki ba ya yiwuwa sai da zaƙi mai yawa, kuma labarin sukari ɗan'uwan na alkama ne. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na sukarin da Nijeriya ke sha daga ɗanyen sukarin waje ake tace shi, galibi na Brazil, a matatun Dangote da BUA da Flour Mills da ke Legas da Fatakwal. A 2012 gwamnati ta amince da babban tsarin sukari na ƙasa, wanda ya bai wa waɗannan kamfanoni damar shigo da ɗanyen sukari da rangwamen haraji, bisa sharaɗin su zuba jari a gonakin rake irin na Numan da Sunti da Lafiagi, har ƙasar ta wadatu cikin shekaru goma. Wa'adin ya cika ba a cimma burin ba, aka ƙara wasu shekaru goma. Mazarƙwailar da ake dafawa daga raken gida a yankuna irin su Maƙarfi ba ta cikin wannan lissafi na rangwame, zuma kuwa ta fi ƙarfin yawancin gidaje.

Citta ita ce ya kamata ta zama abin alfahari a wannan kasko, domin Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi noma ta a duniya, kuma cittar Kudancin Kaduna, daga Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, ta yi suna wajen yaji da ƙamshi. A daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta afka wa gonakin yankin, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da fiye da naira biliyan 12. Da yake daga saiwar bara ake samun irin bana, cutar ta cinye amfanin shekara ɗaya da irin shekara mai zuwa a lokaci guda, farashi ya ninka sau da dama, kuma ɗan abin da ya tsira masu fitarwa waje na zawarcinsa da dala. Kanumfari kuwa dama baƙo ne, daga wurare irin su Zanzibar da Madagaska da Indonesiya yake zuwa. Wannan ya sa a gidaje da yawa ake rage kayan yajin nakiya, a bar barkono ya rufe gurbin.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Yin alkaki da nakiya sana'a ce ta mata, yawancinsu a cikin gida suke yi. Da ita ake zubin adashe, ake sayen kayan ɗakin ƴa, ake biyan kuɗin Islamiyya. Mai wannan sana'a ba ta da rajistar kamfani, ba ta cikin jerin waɗanda ake bai wa rance, kuma ba ta iya ƙara kuɗi yadda take so, domin abokan cinikinta maƙwabta ne da ƴan'uwa da ta san halin da suke ciki. Abin da ya rage mata shi ne ta rage girman alkakin, ko ta haɗa alkamar da fulawa ko semolina, ko ta daina karɓar aiki sai an kawo kayan haɗi.

Matsin ya fi bayyana a gara. Bayan azumi da kuma bayan girbi ne lokutan aure, kuma iyayen amarya ne ke haɗa gara, wadda ake auna mutuncinsu da yawan bokitanta. Malamai da masu sarauta sun daɗe suna kira a sassauta, wasu iyalai kuma sun koma bayar da kuɗi ko ɗanyen abinci. Amma inda al'adar ke da ƙarfi, uba kan sayar da amfanin gona ko ya jinginar da ita domin kada a ce ƴarsa ta tare hannu rabbana. A Kadawa hakan na iya nufin mutum ya sayar da alkamarsa da araha a Afrilu, ya dawo ya sayi irinta da tsada domin bikin ƴarsa.

Waɗanne tambayoyi ya kamata a yi wa masu mulki?

Alhakin Kadawa a rabe yake. Dam da babbar magudana na gwamnatin tarayya ne ta hannun Hukumar Haɗeja da Jama'are. Malaman gona na jiha ne ta hannun hukumar KNARDA. Harajin shigo da kaya kuwa a Abuja ake yanke shi. Wannan rabuwa ce ke bai wa kowane ɓangare damar nuna ɗan'uwansa da yatsa, don haka tambaya sai ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Ga hukumar kogunan: hekta nawa ke samun ruwa a yanzu bayan gyaran TRIMING, wace rana ake sakin ruwan rani, kuma nawa aka tara na kuɗin ruwa, ina aka kashe shi? Ga Ma'aikatar Noma ta Tarayya: manoma nawa ne a Garun Mallam da Kura da Bunkure suka karɓi iri da takin tallafi, a wace rana, kuma tan nawa aka auna a sikeli bayan girbi, ba wanda aka yi hasashe ba? Ga gwamnatin jiha: malamin gona ɗaya manoma nawa yake kula da su, kuma akwai rumbun ajiya da zai ba manomi damar riƙe alkamarsa zuwa lokacin da za ta yi daraja? Ga Majalisar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa: wane hukunci ya hau kan kamfanin da ya ci rangwame bai cika sharaɗi ba? Dokar Ƴancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan bayanai a rubuce daga hukumomin tarayya, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa.

Akwai babbar tambaya da ta fi waɗannan, wadda masana suka daɗe suna saɓani a kanta: shin ya dace Nijeriya ta ci gaba da neman wadatuwa da alkama, ko kuwa ta bar ruwan Tiga ga amfanin da ya fi dacewa da zafin ƙasar, ta kuma rage dogaro da fulawa ta hanyar dawa da gero da rogo? Masu goyon bayan alkama na kafa hujja da sabbin iri masu jure zafi da kuma dalar da ake ƙonawa kowace shekara. Masu adawa na nuni da tsadar nomanta, da kuma ruwan da madatsun sama suka rage wa manoma da masunta da makiyayan dausayin Haɗeja da Nguru. Kowace hanya aka zaɓa, manomi na buƙatar manufar da za ta wuce wa'adin gwamnati ɗaya.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Farashin alkakin Sallah mai zuwa ba a daren jajibere za a yanke shi ba. Za a yanke shi ne a tsakiyar Nuwamba, ranar da manomin Garun Mallam zai tsaya a bakin magudana ya duba ko ruwa ya iso, ko taki ya zo, sannan ya yanke shawarar abin da zai shuka.